Tafiya koyar da Turanci a ƙasar waje: me ya sa allura ke jiran sunan gari?

Wanda ya ƙudiri aniyar barin ƙasarsa ya je wata ya koyar da Turanci, abubuwa uku yakan sa a gaba: takardu, lafiya, da inda za a ajiye shi. Yawanci yana ɗaukarsu a matsayin ayyuka uku da ba su haɗa hanya ba. Alhali igiya ɗaya ce ta ɗaure su, bakin igiyar kuma yana hannun na ƙarshen. Garin da za ka zauna shi ke faɗa wa likita allurar da zai yi maka, shi ke nuna yawan kuɗin da za ka riƙe, har da ko kana buƙatar lasin tuƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne, a manyan shirye-shiryen ɗaukar malamai, sunan garin ne abu na ƙarshe da ake sanar da kai, ga shi kuma akwai allurar da sai ta ci wata 6 kafin a kammala ta.

Amma kafin a kai nan, akwai ƙofar da ba a cika son maganarta ba, wato fasfo. Ƙwarewarka a Turanci daban, abin da dokar shige da fice ta amince da shi daban. Koriya ta Kudu ce misalin da ya fi fitowa fili. Bizarta ta koyar da harshe, E-2, a ƙa'ida malaman Turanci 'yan ƙasashe 7 ake ba wa: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya, Niyuzilan, Ailan da Afirka ta Kudu. Mutum yana iya yin digiri biyu a fannin Turanci, ya daɗe yana cin alli a aji, a ce bai cancanta ba, a ɗauki wanda bai taɓa tsayawa gaban allo ba saboda fasfonsa. Ni dai ban ga hikimar hakan ta fuskar ilimi ba, don iya magana da harshe ba shi ne iya koyar da shi ba. To amma doka ce, kuma ba a tagar ofishin jakadanci ake gardamarta ba. Japan ta fi sassauci. Shirinta na JET na ɗaukar malamai baƙi, wanda aka fara a 1987, yana karɓar mutane daga ƙasashe da dama ta hannun ofisoshin jakadancinta. Tailan da Biyetnam ma suna ɗaukar waɗanda Turanci ba harshen gidansu ba ne, sai dai sukan nemi sakamakon jarrabawar ƙwarewa irin su TOEIC ko IELTS. Don haka aikin farko shi ne soke ƙasashen da ba za su buɗe maka ƙofa ba, kafin ka kashe ko sisi.

Maganar shaida ba ta da tsawo. Digirin farko, a kowane fanni, shi ne sharaɗin bizar aiki a mafi yawan ƙasashen Asiya da ke ɗaukar malamai. A kansa ake ɗora kwas na koyar da Turanci ga baƙin harshe, wanda aka saba auna shi da awa 120. Nan ake cin kasuwar masu gaggawa, don intanet cike take da kwasa-kwasan da za ka gama cikin kwana biyu a ba ka takarda mai ado. Abin da ya raba na kirki da na bogi shi ne ko an taɓa tsayar da kai gaban ɗalibai na gaske, wani ƙwararre na zaune a bayan aji yana rubuta kurakuranka. Takardar shaidar CELTA ta jami'ar Kambirij, wadda ake yi cikin mako 4 zuwa 5 idan an duƙufa, tana da awa 6 na irin wannan koyarwa da ake sa wa maki, shi ya sa ake ganin girmanta. Tana da tsada, kuma ba kowane aiki ke buƙatarta ba.

Masu ɗaukar aikin kuwa, bambancin da ke tsakaninsu ya fi na tsakanin ƙasashen girma. Akwai shirye-shiryen gwamnati, irin su JET, da EPIK da Koriya ta kafa a 1995, da shirin Faransa na mataimakan malaman harshe, inda ake aikin awa 12 a mako daga Oktoba zuwa Afrilu. Su albashinsu ba ya makara, biza tana bin hanyar da ta dace, akwai mai tarbarka. Abin da kake sadaukarwa shi ne zaɓi, su ne ke cewa ga inda za ka. Kuma galibi ba kai ne mai aji ba, mataimaki ne. Akwai malamin ƙasar da ke riƙe da darasi. Idan jininku ya haɗu ya sakar maka rabin lokaci, idan bai haɗu ba ka wuni kana karanta jimloli yara na maimaitawa.

Sai makarantun kuɗi na koyon harshe, waɗanda ake kira hagwon a Koriya, eikaiwa a Japan. Su tun kafin ka sa hannu ka san unguwa da titi, kuma duk shekara suna ɗauka. Sai dai kasuwanci ne: ɗalibi kwastoma ne, iyayensa ke da ta cewa. Aiki yakan fara da rana ya kai dare, don sai yara sun tashi daga makarantarsu ta safe suke zuwa. A Seoul har doka aka yi cewa a rufe da ƙarfe 10 na dare. Kasuwanci kuma yakan karye. A Oktoban 2007 kamfanin Nova, wanda a lokacin ya fi kowa girma a wannan harka a Japan, ya durƙushe, dubban malamai baƙi suka wayi gari ba albashi, wasu har gidajen da kamfanin ya kama musu suka rasa. A Yulin 2021 gwamnatin China ta hana cin riba da darussan bayan makaranta a manyan fannoni, ciki har da Turanci, cibiyoyi masu yawa suka rufe. Ba cewa nake duk makarantar kuɗi abar gudu ce ba, akwai masu riƙon amana. Amma bizarka a wurare da yawa tana rataye ne da sunan wanda ya ɗauke ka, idan ya faɗi ya ja ka. Makarantun ƙasa da ƙasa da jami'o'i sun fi biya, sai dai suna neman lasisin koyarwa ko digiri na biyu da gogewar shekaru, ba ta nan sabon shiga ke farawa ba.

Yanzu mu zo kan zaɓin wuri. Fom ɗin JET yana ba ka damar rubuta wurare har 3 da kake so, kuma a fili suke faɗa cewa ba alkawari ba ne. Ana cike fom a ƙarshen shekara, a yi ganawa a farkon mai kamawa, sakamako ya fito wajen Maris ko Afrilu, sunan gari kuma sai wajen Mayu ko bayansa, a tashi a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. A EPIK ma ya fi haka: kana iya sanin lardi, amma sunan makarantar sai ka sauka Koriya, ana dab da gama bitar sababbin malamai. Kowa Tokyo da Kyoto da Seoul yake rubutawa, guraben kuma sun fi yawa a ƙananan garuruwa da ƙauyuka inda babu mai son zuwa.

Shin ƙauyen hasara ne? A ganina sau da yawa riba ce. Haya ta fi sauƙi, babu inda kuɗi zai zurare, harshen ƙasar yana shiga kai da sauri saboda babu wanda zai cece ka da Turanci a kanti ko a banki. Amma yana da nasa nauyin. Malamin ƙauye yakan zagaya makarantu uku ko huɗu a mako, motar haya ba ta da yawa, don haka sai ya yi tuƙi, a Japan kuma ta hagu ake bi, lasin ƙasa da ƙasa ma shekara 1 kacal yake aiki. Ga kaɗaici, ga sanyi idan arewa aka kai shi. Lokacin hunturu a Hokkaido da ke arewacin Japan da a Okinawa da ke kudancinta kamar ba ƙasa ɗaya ba. Abin da ya kamata a fahimta game da fom ɗin shi ne dalili ya fi sha'awa nauyi. Wanda ya rubuta cewa yana da ciwon da sai yana ganin ƙwararren likita duk wata, ko cewa da iyali zai taho, ko ba ya tuƙi, ya ba masu rabon abin da za su yi aiki da shi. Wanda ya rubuta cewa yana son babban birni saboda yana son babban birni, ya shiga layi mai tsawo. Kada kuma a ɓoye ciwo don tsoron kar a ƙi ɗauka, don ƙarshenta a kai mutum inda asibitin da yake buƙata ya yi masa nisan awanni.

To ina allura ta shigo? An saba cewa matafiyi ya ga likita mako 4 zuwa 6 kafin tashi. Wannan lissafin ɗan yawon buɗe ido ne. Wanda zai shekara yana shaƙar numfashin yara talatin a ɗaki ɗaya, yana cin abincin gari, yana bin hanyoyin gari, wata 6 ya kamata ya ba kansa.

A fara da alluran da ba ruwansu da inda za a kai ka. Ƙyanda tana cikin cututtukan da suka fi saurin yaɗuwa a duniya, makaranta kuma nan ce matattararta. Allurar da ta haɗa ƙyanda da hangum da rubela sau 2 ake yi, da tazarar aƙalla kwana 28. Manya da yawa sau ɗaya aka yi musu suna yara, ko kuma katin ya ɓata. Idan babu shaida, likita zai iya gwada jini ko ya sake yi. Ta tetanus da mashaƙo ana sabunta ta duk shekara 10. Haka a duba ta shan-inna da ta ƙarambau, don ƙarambau a jikin babba ba wasa ba ce. Sai ta ciwon hanta nau'in B, wadda ita ce ke cin lokaci: ta farko yau, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Akwai tsarin gaggawa, ranar farko da ta 7 da ta 21, amma shi sai an ƙara ta huɗu bayan shekara. Ta nau'in A, wanda ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa ko abinci, ta fi sauƙi: ta farko tana ba da kariya kafin tafiya, ta biyu bayan wata 6 zuwa 12 ita ke sa kariyar ta daɗe. Duk waɗannan ana iya fara su tun ranar da aka tura fom, ba sai an ji sakamako ba.

Allurar zazzaɓin shawara ita ta shari'a ce, ba ta lafiya kaɗai ba. Ƙasashe da yawa, har waɗanda babu cutar a cikinsu, suna neman shaidarta daga duk wanda ya fito daga yankunan Afirka da Kudancin Amurka da cutar take, wani lokaci ko da yada zango ya yi na dogon lokaci a filin jirgi. Shaidar ita ce katin nan mai ruwan ɗorawa, kuma ba kowane asibiti ke da ikon ba da shi ba. Idan an miƙo maka, kada ka cusa a aljihu ka fita. Buɗe ka duba: sunanka ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi? An rubuta rana? An sa lambar rukunin maganin, da sa hannun wanda ya yi, da hatimin cibiyar? Jami'in da zai karɓa a filin jirgi waɗannan yake dubawa, ba tabon da ke dantsenka ba. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Tun Yulin 2016 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi na har abada, ba a sabunta shi duk shekara 10 kamar da.

Akwai wani tarko a nan. Allurar shawara da ta ƙyanda duk da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana ake yin su, don haka ko dai a yi su rana ɗaya, ko a bar mako 4 a tsakani. Ta ƙyanda kuma tana iya rikita sakamakon gwajin tarin fuka na fata idan aka yi shi cikin makonnin da suka biyo baya. Mace mai ciki da mai raunin garkuwar jiki ba a yi musu irin waɗannan sai da shawarar likita. Wanda ya bar komai sai saura mako uku, lissafin ba zai fita ba ko da yana da kuɗin.

Sauran su ne masu jiran sunan gari. Cutar kumburin ƙwaƙwalwa ta Japan sauro ne ke yaɗa ta, irin wanda ke hayayyafa a gonakin shinkafa yana cizo da magariba zuwa dare, ƙwayar kuma tana zagayawa tsakanin aladu da tsuntsayen bakin ruwa. Duk da sunanta, ta fi addabar karkarar Kudu maso Gabashin Asiya da Indiya da China. Mafi yawan waɗanda suka kamu ba sa ma sani. Kusan 1 cikin 250 ne ke kwanciya sosai. Amma cikin waɗanda ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, har kashi 30 cikin 100 na iya mutuwa, da yawa cikin waɗanda suka tsira kuma su tashi da lahani na dindindin, ga shi ba ta da magani. Ka ga malamin da ke hawa na goma a tsakiyar birni da wanda ke tuƙa keke ta gefen gonar shinkafa idan an tashi aiki da yamma, ba hatsari ɗaya suke fuskanta ba. Allurar sau 2 ce da tazarar kwana 28, kuma ana so a gama ta mako guda kafin tafiya. Ga wanda sai Mayu ko Yuni zai ji sunan garinsa, lokacin ya isa amma da ƙyar.

Ta cizon mahaukacin kare ma haka take. Japan ta rabu da wannan cuta tun shekarun 1950, amma tana nan a China da Biyetnam da Tailan da Indiya. Da zarar alamu sun bayyana, kusan babu mai tashi. Allurar kafin cizo, bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2018, sau 2 ce, ranar farko da ta 7. Mutane kan ɗauka wanda ya yi ta ya gama da asibiti, ba haka ba ne. Idan kare ko biri ya cije shi, dole ya wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15, ya je a ƙara masa allura. Amfanin ta farkon shi ne ta ɗauke masa buƙatar wani magani na musamman da ake tsirawa a cikin ciwon, mai tsada da wuyar samu a ƙananan garuruwa. Kenan tambayar ba ta yawan karnuka ba ce kawai, ta nisan babban asibiti ce. Ta taifot guda ce, mako 2 kafin tafiya, kariyarta ba cikakkiya ba ce, kuma bayan shekara 2 zuwa 3 sai an sake. Zazzaɓin cizon sauro kuwa ƙwayoyin sha ake ba matafiyi, kuma ko a ƙasa ɗaya wani lardi na da shi wani babu.

Shawarata ga wanda bai san garinsa ba tukuna: ya zauna da likita tun da wuri, su tsara jadawali bisa zaton ƙauye za a kai shi. Idan birni ya fito, a soke abin da ba a buƙata. Sokewa ba ta cin lokaci, cusawa ce ke ci. Allurar da ba a gama ba kuma ana iya ƙarasa ta can, muddin an tafi da rubutacciyar shaida mai sunan maganin da ranakun.

Wani abu da ake haɗawa da rigakafi alhali daban yake shi ne gwajin lafiya na biza. Shi ba don kare ka ake yi ba, don tace ka ake yi. China tana nema kafin ta ba da izinin aiki. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suna ɗaukar hoton ƙirji da jini, suna duba tarin fuka da ƙanjamau da ciwon hanta, kuma sakamakon na iya hana takardar zama. Koriya tana gwajin miyagun ƙwayoyi bayan an sauka. Gara mutum ya yi waɗannan gwaje-gwaje a gida ya san matsayinsa kafin ya ajiye aikinsa. Mai shan magani kullum kuma ya bincika ko maganin halal ne a can. Japan ta haramta shigo da magungunan da ke da amfetamin, irin su Adderall, ko da takardar likita, kuma wanda zai shiga da maganin likita da ya wuce na wata 1 sai ya nemi izini tun kafin ya tashi. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma tana da tsauri kan irin su kodin da tiramadol.

Takardu su nasu agogon a juye yake tafiya. Allura ana so a fara da wuri, amma takardar shaidar rashin aikata laifi tana tsufa. Koriya ba ta karɓar wadda ta wuce wata 6. Ita da kwalin digiri kuma sai an tantance su. Idan ƙasarka da wadda za ka duk suna cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 kan tantance takardu, hatimi ɗaya ya wadatar, China ma ta shiga a Nuwamban 2023. Idan ɗayarsu ba ta ciki, sai an bi ta ma'aikatar harkokin waje sannan ofishin jakadanci, kowanne da layinsa. A kuma tuna shekarar karatu ba lokaci ɗaya take farawa ba: Maris a Koriya, Afrilu a Japan, Mayu a Tailan. Daga wannan ranar ake ƙirgowa baya.

Kwantiragi a karanta shi da fensir a hannu. Awa 25 da aka rubuta, na tsayuwa a aji ne ko har da zaman ofis da shirya darasi? Gidan da aka ce za a bayar, kai kaɗai ne ko da abokin zama? Kuɗin jirgi su za su saya, ko kai za ka saya a biya ka daga baya, kuma idan ka tafi kafin wa'adi za a cire? Inshorar lafiya daga ranar sauka take farawa ko sai an yi rajista? A Koriya doka ta ba wanda ya cika shekara kuɗin sallama na kusan albashin wata guda, shi ya sa malamai ke faɗakar da juna game da makarantun da ke neman dalilin kora a wata na 11. Ka nemi a haɗa ka da malamin da za ka gada, ku yi magana ba a gaban shugaban makarantar ba. Makarantar da ta ƙi, ta ba ka amsa. Ka riƙe abin da zai ɗauke ka wata biyu, don albashin farko yakan zo ne bayan ka yi wata guda kana aiki. Idan kuma wata makaranta ta ce ka shigo da bizar yawon buɗe ido za su gyara daga baya, ka sani ranar da jami'an shige da fice suka shigo aji, kai za a ci tara a kora, a kuma iya hana ka sake shiga ƙasar na shekaru.